Sallamar Rabo a Bakin Ƙyaure

A Bengu, shekara talatin da ɗoriya, in mace ta rasu ba a fara zancen likkafani sai an aika an kira Barira. Ita ce mai wankan gawar mata. Ba gado ta yi ba. Wata rana ce aka rasa mai yi, ta ɗaure zane ta shiga, shi ke nan aiki ya zama nata. Gajeriyar mace ce mai faɗa, dariyarta sai an tona, amma hannunta na da taushi, kuma abin da ta gani a ɗakin wanka ko mijinta bai taɓa ji daga bakinta ba har ya koma ga Allah.

Aminiyarta ɗaya ce a duniya, Kadija mai ƙosai ta bakin kasuwa. Tare suka yi ƴanmatanci, tare suka aurar da ƴaƴa, kuma ba su taɓa zama wuri ɗaya sun tashi ba musu ba. Akwai alkawari tsakaninsu wanda duk unguwa ta sani, don Kadija ba ta iya magana a hankali.

"Ke za ki wanke ni, Barira. In kika bari wata ta ga jikina, ban yafe ba."

"In kin riga ni ke nan. Ke da bakin nan naki, mutuwa ma sai ta yi shawara kafin ta zo."

Da gwiwoyin Barira suka fara ƙin tashi, ɗanta Yusha'u, direban kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Kwatano, ya kama mata haya a wata sabuwar unguwa a Gaya, kusa da likita. Sashe huɗu ne a jere, kowanne ɗaki da salo da makewayi a ciki, ga pampo ga kuran, wato wutar lantarki. Katanga ta fi tsawon mutum biyu, ƙyauren ƙarfe ne babba, kowa da makullinsa. Nata sashen shi ne na can ƙurya.

"Inna, kin huta," in ji Yusha'u. Da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah ya yi masa albarka.

Hutun kuwa ta sha shi har ya gundure ta. Maƙwabtanta ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, da wani mushen lakwal mai koyar da yara boko, da wata mai aikin jinya. Mutanen kirki ne, sai dai gaisuwar "Fofo, Iya" kawai ke haɗa su, kafin ta gama tambayar kwanan iyali an ja ƙyaure. Ta tuƙa tuwo ta kai wa kowa, aka yi godiya, aka ce gobe kada ta wahalar da kanta. Ta sa dutse ta tokare ƙyauren don ta riƙa ganin masu wucewa, mai gidan hayar ya aiko a gaya mata akwai babura a ciki. Ta cire dutsen. Matar da a da ba ta gama cin abinci ba a yi mata sallama ba, sai ga ta tana wuni ba ta ji sunanta a bakin kowa ba. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma ba ta gaya wa Yusha'u ba, don kada ya ga kamar ta raina ƙoƙarinsa.

Abin da ya faru ranar wata Talata cikin sanyi, sai daga baya ta ji shi. Kadija ta cika bayan sallar asuba. Lambar Yusha'u kawai mutanen Bengu suke da ita, shi kuwa yana can kan hanya inda babu rezo, waya ba ta shiga. Sai Rabo, ƙanen Kadija, dattijo mai furfura, ya hau kabu-kabu har Gaya, ya yi ta tambaya har ya gano gidan da hantsi.

Ya tsaya a bakin ƙyaure ya yi sallama. Shiru. Akwai wani ɗan farin maɓallin ƙararrawa a jikin bango, amma ya ɗauka na kuran ne, kuma ba ya taɓa kayan mutane. Dukan ƙofa kuwa bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi, a wurinsa wannan aikin jandarma ne. Ya yi sallama ta biyu, ya yi ta uku kamar yadda aka koya masa. Saboda girman lalura ya ƙara ta huɗu, yana jin kunya. Maƙwabta duk sun tafi aiki. Barira na can ƙurya tana tsintar shinkafar da ita kaɗai za ta ci. Rabo ya ce lalle ta yi tafiya, gawa kuwa ba ta jira, ya juya.

Sai da la'asar Yusha'u ya samu rezo, ya ji labari, ya kira ta. Washegari ta isa Bengu. Rabo ya taso daga tabarmar maza idonsa jajir.

"Wallahi na zo, Yaya. Sallama huɗu na yi."

"Ka yi daidai, Rabo," ta ce. Haushi ya cika ta, ta rasa wanda za ta sauke wa.

Ta shige cikin mata, ta tambayi wadda ta yi wankan. Aka nuna mata Nuriya, surukar Kadija.

"Kun sa magarya?"

"Mun sa, Inna."

"Ta dama kuka fara?"

"Ta dama."

Barira ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Kun ɗumama mata ruwan?"

Nuriya ta sunkuyar da kai. Ta ce rana ta yi, maza suna ta aiko a yi sauri, na randa suka ɗiba.

"Tun muna yara ba ta son ruwan sanyi," in ji Barira. "Ko dashen shinkafa ba ta shiga fadama sai rana ta ɗaga."

Matan Bengu ba su taɓa ganin hawayen Barira a gidan mutuwa ba, don haka da ta zauna a ƙasa ta fara kuka, sun daɗe ba su san wadda za ta je ta riƙe ta ba.