Bakwai Cikin Goma: Jinjina ga Anti Mai Kati

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, tun mai shara bai gama da baranda ba. Takan tsaya ta gaishe shi, ta tambaye shi ƙafar da ke damunsa, sannan ta buɗe ɗakin kwamfuta na laburaren kwalejinmu. Ta tura tagogi, ta yaye mayafan da ta lulluɓe kwamfutoci da su jiya, ta kunna su ɗaya bayan ɗaya. Guda goma sha biyu ne, amma tara ke aiki, sauran ukun sun daɗe da yin ritaya ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Daga nan ta fere fensir guda huɗu, ta ɗora wani tsohon akwatin katako a kan teburinta, ta gyara zaman tabarau. Kafin ɗalibin farko ya cire jaka a bakin ƙofa, ta shirya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ɗalibai suna ce mata Anti Mai Kati, saboda abin da ke cikin akwatin nan. Lokacin da aka mayar da jerin littattafan laburare cikin kwamfuta, an tara tsofaffin katunan jerin za a ƙone, sai ta roƙa a bar mata. Bayan kowane kati fari ne sol. Duk wanda ya zo neman wani abu a intanet, sai ta miƙa masa kati da fensir ta ce ya rubuta tambayarsa kafin ya taɓa kwamfuta. In ya rubuta, ta sa shi ya yi ta soke kalmomi har sai uku ko huɗu sun rage. Waɗannan ne zai nema da su.

Abokin aikinta mai ba da aron littattafai ya gaya min cewa a duk shekarun nan bai taɓa ganin ta danna wa ɗalibi ko harafi ɗaya ba. Za ta ja kujera ta zauna kusa da kai, ta harɗe hannuwa a cinya, ta yi ta kallonka kana lalube. Ya ce ya sha ganin samari masu ji da kansu sun shigo suna hura hanci, su da suka iya waya tun ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba, sun fita suna sosa ƙeya. Bara ma wani ya kawo mata jerin littattafai takwas da wata manhaja ta rubuto masa. Ta bi shi suka nema har azahar, suka tarar biyar daga ciki ba a taɓa rubuta su ba a duniya. Ba ta yi masa dariya ba, kati kawai ta miƙa masa.

Ni ba labari aka ba ni ba, a kaina aka yi.

Na koma karatu ina da shekara talatin da takwas, da 'ya'ya huɗu, bayan na daɗe ina koyarwa a firamare. Hutun karatu na shekara biyu aka ba ni, kuma an gaya min baki da baki cewa ba a bayar da shi sau biyu. In na kammala, na dawo da takarda. In ban kammala ba, na dawo aji hannu rabbana. Abin da ya rage min a zangon ƙarshe shi ne kundin bincike, kuma na zaɓi in yi shi a kan yaran da ke kasa iya karatu, don su ne suka fi ci min rai a aji.

Wata rana ina dube-dube a waya na ci karo da wata magana: wai yara bakwai cikin goma da suka kasa karatu, matsalar ido ce ke damunsu. Daɗi ya kama ni kamar na tsinci abin da na daɗe da yarwa. Na sake nema, na gan ta a wani shafin, da wani, da wani. Har sai da na ƙirga shafi goma sha ɗaya. Na ce to, abin da mutum goma sha ɗaya suka faɗa ai ya tabbata. A kan wannan lamba na gina babi na ɗaya da na biyu, da takardar tambayoyin da zan raba. Malamin da ke duba aikina yana da ɗalibai sun fi arba'in, ya duba sama-sama ya sa hannu.

Saura mako uku a miƙa kundi na shiga wurin Anti. Abin da ya kai ni ƙarami ne, so nake ta nuna min yadda ake jera manazarta a ƙarshen aiki. Ta karɓi takarduna, ta ɗan karanta, sai yatsanta ya tsaya a kan layin nan.

Ta ce, "Ƙanwata, wannan bakwai cikin goman, wa ya ƙirga su?"

Na ce, "Anti, ai ko'ina akwai. Shafi goma sha ɗaya na gani."

"Ban tambaye ki wa ya maimaita ba. Wa ya ƙirga?"

Ta jawo min kujera, ta ce in buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Shafin farko babu sunan wanda ya rubuta, babu kwanan wata, sai dai a ƙasa ya ce ya samo daga na biyu. Na biyu ya samo daga na huɗu. Na huɗu da na bakwai kalma da kalma iri ɗaya ne, har da kuskuren rubutu guda a wuri guda. Da muka zo na tara, ta ce in gangara can ƙasa in ga su waye masu shafin. Na gangara, sai ga hotunan tabarau jere da farashinsu.

Ta leƙo ta saman nata tabaran ta ce, "To, kin je wurin mai sayar da tabarau kina tambayarsa ko yara na bukatar tabarau. Me kike so bawan Allah ya ce?"

Na yi dariyar dole. Ta sa na kwafi jimlar na saka ta tsakanin alamun zance, don injin binciken intanet ya nemo ta yadda take ba gutsure ba, sannan in duba wanne ya fi tsufa. Muka yi ta komawa baya kamar masu bin dangi, har muka iso wani ɗan rahoto mai shafi shida a wata mujallar bincike. Ta ce in karanta da ƙarfi inda suka faɗi su wa suka gwada. Yara talatin ne. Kuma dukkansu iyayensu ne suka kai su asibitin ido, don sun riga sun ga alamar ba sa gani sosai. Masu rahoton ma da kansu sun rubuta cewa kada a ɗauki sakamakon a yafa wa sauran yara.

Raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye ba, a ranar na ji haushinta har cikin ƙashina. Na ce, "Anti, malamina ya riga ya sa hannu. Wa zai bi diddigin wannan? Saura mako uku fa. Ina da yara, ina da miji, hutuna ya kusa ƙarewa. Ki yi kamar ba ki gani ba mana."

Ta ce, "Ni ba zan kai ƙararki wurin kowa ba, ba aikina ba ne. Kundi naki ne. Amma za a ajiye shi a kantar can, baɗi wata ta ɗauko ta kwafa, ta ce ai malama ce ta rubuta. Ke ce za ki zama ta goma sha biyu."

Na kwashi takarduna na fita ko sallama babu. A gida na huce a kan yara, na ƙona girki. Mijina ya ji labari ya ce, "Ke dai da neman wa kanki aiki. Jera manazarta ya kai ki, kin dawo da rushe gida." Kwana biyu ina kai gwauro ina kai mari. Abin da ya hana ni sakat shi ne wata yarinya a ajina na da, mai zama a layin gaba, idonta garau, amma har ta bar hannuna ba ta iya haɗa baƙi biyu ba. Na san ba ido ba ne. Tun ranar da na ga lambar nan na sani, na dai rufe ido ne don ta yi min daɗi.

Rana ta uku na koma ina sunkuyar da kai. Ba ta ce min ai na gaya miki ba. Kati ta miƙo min. Na rubuta tambaya mai layi huɗu, ta sa na yi ta sokewa har hannuna ya gaji. Ta nuna min cewa kalmar da nake amfani da ita a aji daban, wadda masu bincike ke amfani da ita daban, kuma in na sami rahoto ɗaya mai kyau, in duba manazartarsa, zai kai ni gidan 'yan'uwansa. Ta hana ni tsayawa a kan abin da ya fara fitowa a sama, ta ce yawanci wanda ya biya ne aka sa a gaba. Kullum lokacin hutunta na rana a gefena take yinsa, kwanon abincinta yana ajiye a rufe. Wani lokaci in ga yatsunta suna motsi a cinya don ta ga ina neman harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, amma ba ta taɓa miƙo hannu ba.

Kwana goma sha tara muka yi. Na rushe babi biyu na sake ginawa a kan rahoto bakwai da na karanta da idona daga farko har ƙarshe. Ido ya koma dalili ɗaya cikin dalilai, daidai girmansa. Na miƙa kundi ranar ƙarshe, saura awa ɗaya a rufe ofis.

Ranar kare kundi na shiga gaban malamai a shirye, ina jira a tambaye ni inda na samo kaza in zazzage musu. Wallahi babu wanda ya tambaya. Ɗaya ya yi ƙorafin tazarar layi, ɗaya ya ce in gyara lambar shafi, suka ce na ci. Na zo wurinta ina huci na ce, "Anti, duk wahalar nan, ko mutum ɗaya bai duba ba!" Ta yi murmushi ta ce, "To ai ke kin duba. Yanzu in kin koma aji, kin san abin da za ki nema a wurin yaran nan." Haka kuwa aka yi. Shekara shida ke nan ina cin amfanin kwanakin nan goma sha tara.

Da na ji za ta ajiye aiki, na je makon jiya in gaishe ta. Kafin ta gama da wata ɗaliba, na zagaya kantar kundaye na zaro nawa don marmari. Na buɗe shafin godiya. Na gode wa malamina, na gode wa mijina da 'ya'yana, na gode wa shugabar makarantarmu, har mai buga min aiki ya sami layi biyu. Ita babu ko kalma. A bangon kundin kuma ga lambar ajiya da rubutun hannunta, wato ta hannunta ya bi kafin ya hau kanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kai mata shi a buɗe. Na ce, "Anti, kin ga wannan tun tuni, ba ki ce komai ba?"

Ta karɓa, ta rufe shafin, ta juya kundin ta buɗe ta baya. Ta ce, "Ni ba na karanta gaba, ƙanwata. Nan nake zuwa." Ta bi jerin manazartar da yatsa. "Ranar da ya zo hannuna na duba su duka. Kowanne akwai shi, kowanne kin karanta shi. Na koma gida da farin ciki ranar."

Na tsaya a gaban ɗalibai da girmana ina share hawaye da gefen mayafi.

Anti, ke ce kika zauna shekara talatin da ɗaya a ɗakin da babu mai tafa wa kowa. Ke ce kika yarda a ji haushinki yau don kada a ji kunya gobe. Mai kati, mai haƙurin zama da wanda bai sani ba har ya sani da kansa. Da yawa daga cikinmu muna can muna koyarwa, muna duba marasa lafiya, muna rubuta rahoto a ofisoshi, in muka ga lamba sai mu ji mun kasa wucewa sai mun nemi wanda ya ƙirga. Ba mu cika tuna inda muka koyo ba.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai, in ɗalibi ya kawo muku magana daga intanet, kada ku tsaya a sa hannu. Ku ja kujera ku zauna, ku bi ta tare har inda ta fito, ko da zai fita yana zumɓura baki. Ku kuma da kuka taɓa zama a gefenta, saura 'yan kwanaki ta miƙa makulli, kuma kun san hanya.

Ni dai na makara da shekara shida, Anti, amma ga shafin godiyar da ban yi miki ba a kundin. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi. Na gode.