Fararen Duwatsun Baffa Sule Mai Jirgi

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne Baffa Sule, ƙanin mahaifina, wanda daga Sara har Sundimina aka fi sani da Sule Mai Jirgi. Ni makiyayi ne, ban yi boko ba, kuma ba na son dogon zance. Na faɗa ne aka rubuta mini. Abin da ya sa na buɗe baki bana shi ne hanyar da shanunmu ke bi zuwa rafi ta rufe, kuma shi ne ya riƙe ta a buɗe tsawon ransa.

Zamanin babban yaƙin Turawa, Baffa yana saurayi, aka tara mutanen ƙauyukanmu aka sa su share daji a nan tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Suka tumɓuke itatuwa, suka fasa suri, suka zuba marmara suka daɓe. Shimfiɗa ce doguwa miƙaƙƙiya, daga gindin tudu har kusa da bakin rafi. Ba babban filin jirgi ba ne irin na Kano. Na ko-ta-kwana ne, don jirgin soja da ya sami matsala a hanyarsa ta gabas ya sami inda zai sa ƙafa. Aka jera duwatsu gefe da gefe, aka shafe su da farar ƙasa yadda matuƙi zai hango su daga sama. Aikin Baffa biyu ne: shafa duwatsun, da kuma hura wuta ya danne ta da ɗanyen ganye in ya ji ƙugi, don hayaƙin ya nuna wa matuƙi inda iska ta dosa.

Ban ga saukar jirgi ko ɗaya ba, ba a haife ni ba. Amma na ci tuwo da shi. Akwai wani mai farfela biyu da ya zo ƙafarsa ta ƙi fitowa, ya ja ciki a kan marmara har ya tsaya. Mutanen ciki suka fito da ransu. Mota ta zo ta kwashe injin da bindigogin, aka bar gangar jikin nan a yashe. Maƙera suka yi ta yankar farin ƙarfensa suna ƙera ludayi da tukwane. Ƙofarsa ta zama murfin rumbunmu. Ludayin da Inna ta yi ta zuba mana miya da shi daga fiffikensa aka cire.

Da yaƙi ya ƙare, wani sajan soja ya kira Baffa ya ce kada ya bar duwatsun su dushe, za su dawo. Ba su dawo ba. Ba wanda ya sake aiko masa da ko gaisuwa. Amma duk shekara, da an fara jin ƙamshin damina, kafin manoma su ja iyaka, sai ya ɗauko tsohuwar rigarsa ta kaki, ya ɗora farar ƙasa a jaki, ya kwaɓa ta a ƙwarya, ya bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya da tsintsiya. Ya sare sabara, ya cike ramuka. Mutane suna masa dariya, yara suna buɗe hannu suna kwaikwayon jirgi a bayansa. Bai taɓa waiwayawa ba.

Na tuna ranar da Malam Iro, mai gona a gefen filin, ya tura garmarsa ta tsallake dutse.

"Iro, ka shiga filin soja," in ji Baffa.

"Haba Mai Jirgi, wane sojan? Wanda ƙashinsa ya riga ya zama taki?"

"Ranar da ya zo sauka ya tarar da dawarka, kai za ka yi masa bayani. Ni nawa in nuna masa gidanka."

Iro ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma kafin la'asar ya janye garmarsa bayan dutse. Haka kowa yake. Ba su yarda jirgi zai zo ba, ba su kuma da ƙarfin halin rantsewa ba zai zo ba. Muddin duwatsun suna fari, ana ganin gwamnati tana sane da wurin.

Ana nan gonaki suka cinye burtalolin yankinmu, ɗaya bayan ɗaya. Filin Baffa kaɗai ya rage. Da damina, lokacin da shuka ta kewaye ruga ta ko'ina, ta nan garken kowa ke gangarawa rafi, tsakanin fararen duwatsu, ba a taɓa karan kowa ba. Sau ɗaya na tambaye shi, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, ko da gaske jirgin yake jira.

Ya ce, "Shanunka sun sha ruwa yau?"

Na ce sun sha.

Ya ce, "To rufe mini baki."

Bayan rasuwarsa na ɗauki ƙwaryar da tsintsiyar. Na yi yadda yake yi, ban tsallake dutse ɗaya ba. Shekarun farko abin ya riƙe. Sai wata rana Hamisu, ɗan marigayi Iro, ya tsaya a kaina ina shafa.

"Baba, marigayi jirgi yake jira, shi ya sa muka bar masa. Kai fa? Shanu dai ba su da fiffike."

Gaskiya ya faɗa. Kowa ya san ni don shanu nake yi, kuma ba mai jin tsoron saniya. A daminar shekarar Hamisu ya shuka masara a tsakiyar filin, sauran suka bi. Ba na zagin su. Bakunan gida sun yi yawa, ƙasa ta gaji, taki ya gagari talaka. Amma ni ma bakuna nake ciyarwa. Daga baya motocin tifa suka zo suka haƙe marmarar gefen tudu. Masu gini suka kwashe duwatsun suka sa a harsashi. Murfin rumbunmu kuwa 'yan gwangwan ne suka ɓalle shi wata ranar kasuwa da ba kowa a gida.

Nakan tambayi kaina abin da Baffa zai ce da ya ga yau. Jiragen soja suna wucewa har yanzu, can ƙololuwa, sun nufi gabas, sai sun ɓace kake jin ƙararsu. Ba sa neman farin dutse, ba sa neman hayaƙin kowa. Yaƙin ma ba na Turawa ba ne yanzu, namu ne, a cikin gida. Ina jin ba zai ɗaga kai ba. Ƙasa zai duba, ya nemi inda dutsensa na farko yake, ya rasa.

Yanzu zagaye muke yi ta bakin kwalta kafin mu kai rafi. Hanya ce mai nisa, kuma mota ta riga ta kashe mana maraƙi a kanta. Duk garken ya saba, ban da Fure, tsohuwar saniyar da ke jan gaba. Ita tun tana maraƙa ta filin ta bi uwarta. Da mun iso gindin tudu sai ta karya kai ta miƙe sak ta cikin masara, daidai kan layin da jirgin nan ya ja ciki, sauran su bi ta. Na buge ta. Na yi mata dabaibayi. Na sa Buba, babban ɗana, ya riƙa tsare mata gaba. Ba ta daina ba.

Daminar bana Fure ta ja garken duka cikin gonar Hamisu. Ya fito da gora, Buba ya ɗaga sanda. Da ban shiga tsakani ba, da jini ya zuba tsakanin gidajen da suka yi zaman amana tun kakanni. Mai unguwa ya tara mu ya ce ko saniyar ta bar garin, ko mu da ita. Buba ya ce da an gama girbi zai kora abin da ya rage ya yi kudu, bayan Ningi, kuma kada in sa ran dawowarsa. Ni ƙafata ba za ta kai ni can ba.

Me ya rage na Baffa Sule? Duwatsunsa suna ƙarƙashin ɗakunan mutane, ba wanda ya san da su. Ludayin Inna ya huje. Matasan garin in ka ce musu jirgi ya taɓa sauka a gonar Hamisu, sai su ɗauka tsufa ne ya taɓa ka. Mu biyu muka rage da muka san inda filin ya fara da inda ya ƙare, ni da Fure.

Na ja ta da kaina zuwa kasuwar Sara. Ta tsufa, ba mai saye don kiwo. Mahauta ne suka karɓi igiyar.

Allah ya jiƙan Baffa, ya kai haske kabarinsa. Saura ni.