Masu Dubiyar Ruwan Ya'u

Duk Garo babu wanda ya taɓa ganin Ya'u ya yi iyo, amma shi kaɗai ne yake da wurin iyo a cikin gida. Mu maƙwabtansa kwami muke ce wa abin, shi kuma ya tsani wannan suna.

Daga Kano ya kwaso ra'ayin. Ya yi shekaru yana ban ruwan furanni a gidan wani manajan kamfani, a bayan gidan kuma akwai irin wannan wurin wanka, ruwansa garau har kana hango ƙasansa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka rufe kamfanin, aka sallami kowa. Abokan aikinsa suka koma garuruwansu da keken ɗinki ko injin markaɗe. Ya'u kuwa siminti ya dawo da shi da shuɗin fenti, ya haƙa rami a tsakar gida inda ya kamata a ce rumbu ne. Matarsa Marka ta yi mita har ta gaji. Da ta ga indararo na cika ramin da damina, ta huta da zuwa rijiya, sai ta daina mitar.

Ba ya shiga ruwan. Da yamma yakan shimfiɗa tabarma a gefe, ya zauna yana kallonsa kawai. Mun sha yi masa dariya, amma gaskiya tausayi yake ba ni, don wannan ramin ne kaɗai abin da ya rage masa na zaman birni.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a sai surutu ya tashi, wai a otal ake gina irin wannan abu don maza da mata su yi wanka tare. Dattawan unguwa suka kira Ya'u. Liman, mutum mai sauƙin kai, ya ce magana ba ta da tsawo. Zai zo bayan sallar Juma'a ya yi alwala da ruwan. In launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba, to ruwan amfani ne, kowa ya kama bakinsa. In kuwa ba haka ba, a cike ramin. Ya'u ya amince a gaban kowa.

Ruwan ya ɗan yi kore, don haka ya tafi Gwarzo ya sayo farin garin maganin da ya ga ana zubawa a gidan manaja. Ya san ana zubawa, amma bai taɓa tsayawa ya ga yawan da ake zubawa ba, sai ya juye ledar gaba ɗaya. Gari na wayewa ruwa ya koma kamar farau-farau, ga wari mai hawa kai. Ya koma wajen mai maganin, aka ce masa ya sa alif kaɗan, sannan ya ƙyale ruwan ya kwanta, kada ko tsinke ya taɓa shi.

Nan fa matsalar take, don a garinmu ba a barin mai lalura shi kaɗai. Labari na bazuwa aka fara zuwa dubiya. Mutum zai yi sallama, a gaisa a tambayi iyali, ya leƙa ramin ya girgiza kai ya yi sannu, sannan ya kwance abin da ya zo da shi. Lukuman mai shayi ya kawo dakakkun 'ya'yan zogale. Tsohuwa Sa'a ta kawo kanwa, wani ya kawo toka. Kowa kuma in ya zuba sai ya ɗauki gora ya dama sosai, wai don magani ya kai ƙasa. Ya'u yana tsaye yana godiya, zuciyarsa na tafasa, don ba a mayar wa mutum da alherinsa.

Da ya ga Juma'a na matsowa, sai ya yi abin da ba a taɓa yi ba a unguwarmu: ya garƙame ƙofar zaure da rana tsaka. A yi ta sallama, shiru. Marka ta ce kunya kamar ta nutse. Amma ruwa ya samu lafiya. Ran Juma'a da hantsi ya kwanta garau, warin ya tafi, farar laka duk ta taru a ƙasa.

Sai ga sallamar Baba Dabo, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Tsohon ya ji labari ya taso tun daga Madadi, da ƙullin alif a aljihu. Marka ta ce Ya'u ya daɗe tsaye da hannunsa a kan sakata. Daga ƙarshe ya buɗe.

Bayan an gaisa, Baba Dabo ya leƙa ramin, ya nuna farar lakar nan, ya ce ai ciwon yana ƙasa. Ya kwance ƙullinsa ya zazzage.

"Miƙo min gorar nan, Ya'u."

Ya'u ya miƙa masa da hannu biyu.

Da Liman ya zo ya tarar da farau-farau. Ya fahimci abin da ya faru, ya ce ba komai, zai dawo wata Juma'ar. Sai dai Baba Dabo ya riga ya rataye jakarsa a zaure, ya sanar cewa ba zai koma Madadi ba sai ruwan ya warke, kuma safe da yamma shi zai riƙa damawa da kansa.

Ya'u ya dubi tsohon, ya dubi ruwan. "A bari kawai, Malam. Gobe zan fara cikewa."

Ni na taya shi jidon ƙasa, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi min nauyi kamarsa ba. Baba Dabo ya rayu shekaru bayan haka, kuma duk taron da aka haɗu sai ya ba da labarin yadda gaggawar yaran zamani ta hana alif ɗinsa aiki. Ya'u, da furfurarsa, yakan sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba."