'Yar Kawuna da Akwatin Bature

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku ce tsufa ya taɓa ni: da idona na ga an ɗura mace sukutum cikin akwati an nufi bakin teku da ita, kuma ranar kasuwar Tsafe na iske ta zaune tana juya ƙosai. Macen nan 'yar kawuna ce, taubashiyata. 

Ni ɗan kama ne, gado na yi. Sana'armu duk baki ce. Ka naɗa rawanin tsumma, ka riƙe ludayi kamar alƙalami, ka zauna tsakiyar kasuwa kana wa'azin tuwo da miyar kuka cikin muryar manyan malamai, har mai gishiri ya manta da gishirinsa. Daga Bungudu zuwa Gusau zuwa Tsafe babu kasuwar da ba ta san muryata ba. Na taɓa yin atishawa a Furfuri mutanen Kekun Waje sunka fashe da dariya. In akwai gyara cikin wannan magana, to ragewa na yi.

Ita kuwa ba ta gaji komi ba sai kaskon suya. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta dawo gidan kawu ta kama ƙosai. Sai dai Allah ya ba ta ido. Mutum zai saya ya juya baya, kafin ya yi taku goma ta miƙe ta zama shi: tafiyarsa, ɗage kafaɗarsa, yadda yake buɗe ganye ya leƙa ko an cuce shi. Ba ta cewa uffan. Matan rumfa na riƙe ciki, mutumin ya waiwayo ya ga baiwar Allah tana fifita wuta.

Da farko ban ɗauke ta a bakin komi ba. Sai mata sunka fara jan ta gidajen biki. Daga suna a Wonaka sai aure a Bungudu, har ta kai matan manyan ma'aikata na Gusau na aiko mata da jaki. To ku ji inda abin ya fara cina. Biki ɗaya, ni ina ƙofar gida da maza, ita tana ciki da mata. Ina tsakiyar wa'azina sai wata shewa ta taso ta bayan katanga ta danne ni. Mazan da ke gabana su karkata kunne can, wani dattijo ya ce, "Ko wa take kwaikwayo yanzu?" Suna zaune gabana, suna jin daɗin abin da ba su ma gani ba!

In mun haɗu a hanya ta ce, "Bawana, yau mutum nawa ka kashe da surutu?" Da yake ni ɗan mace ne ita 'yar namiji, al'ada ta ba ta damar kirana da wannan sunan.

Nakan ce, "Uwar ɗakina, wasan kurame ma wasa ne? Ranar da anka tara mu fili ɗaya za ki sani."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

Ya kuwa kai mu. Lokacin ana aikin hanyar jirgin ƙasa wajen Gusau, auduga ta cika kasuwa, sai ga wani Bature da akwati mai ƙafa uku, da ido ɗaya na gilashi, da mariƙi a gefe da yake juyawa. Tafintansa, wani dogo mai jar dara, ya ce akwatin na haɗiye mutum da motsinsa duka, a je ƙasarsu a haska shi jikin bango dubban mutane su gani. Ya roƙi sarkin kasuwa a nemo masa masu wasa.

Ina Bungudu labarin ya iske ni. Na iso Gusau inuwata na baya tana haki. Na ce a raina wannan ita ce ranar rabuwa: wanda ya shiga akwati shi ne gwanin ƙasar nan, magana ta ƙare. Kwana uku na yi ina tsara sabon wa'azi kan falalar man shanu a kan tuwon dawa. Kuma, Allah ya gafarta mini, na aika mata cewa Baturen ya ce ba ya son mata.

Ranar wasan ina isowa kasuwa wa zan gani gindin tsamiya? Ita ce, da kaskonta.

"Ba ki ji saƙona ba?"

"Na ji. Ƙosai na zo saidawa. Shi ma ya hana?"

Tun hantsi ba ta ɗauke ido daga kan Baturen ba, har ƙosai biyu sunka ƙone. Ni ina can ina gyara murya da citta.

Anka buɗe fili. Na zauna na harɗe ƙafa kamar yadda malami ke zama, ba motsi, don a sana'armu malamin da ke tsalle ba malami ba ne. Na ga akwatin ya yi nisa, na ji tsoron kada magana ta zube a hanya, sai na ja jiki har numfashina na taɓa gilashin. Tafinta ya ja ni baya. Na ce lallai wannan ma ɗan hassada ne, na sake matsawa, na buɗe maƙogwaro. Wallahi ban taɓa wasa irin na ranar ba. Wani mahauci ya faɗa cikin tsokar naman da yake saidawa. Tsofaffi na share hawaye da bakin riga.

Baturen ya juya mariƙi sau kamar biyar, ya tsaya, ya yi hamma. Sai ya ɗaga akwatinsa ya juya shi wajen jakunan auduga. Jakuna! Ina tsakiyar falalar man shanu yana ɗaukar jaki na kaɗa kunne.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji kasuwa ta ɗauki wata irin dariya. Na waiwaya. 'Yar kawuna ta naɗa tsumman goge kasko a ka, ta riƙe matsamin ƙosai kamar alƙalami, ta harɗe ƙafa. Ta ja jiki, ta ja jiki, ta turo wuya, ta wage baki, jijiyar wuya ta tashi, ido ya fito, amma ko tari ba ka ji. Ta yi kamar an ja ta baya, ta harari iska, ta sake rarrafowa. Ni ne sak. Har yadda nake lasar leɓe in na zo wurin man shanu.

Baturen ya juyo da akwati har ya kusa ture tafinta. Ya yi ta juya mariƙin nan yana dariya, gumi na ɗiga daga hancinsa. Da ta gama da ni ta yi akawun sikeli, ta yi manomin da ke leƙen sikelin ta ƙarƙashi, ta yi shi kansa Baturen. Bai tsaya ba sai da abin cikin akwatin ya ƙare.

Na kama hannun tafinta. "Malam, nawa fa? Ya ji wa'azin dai ko?"

Ya dube ni da tausayi. "Akwatin nan ido gare shi, ba ya da kunne."

Hoton dai ba wanda ya taɓa ganinsa cikinmu. Amma kafin kasuwar Tsafe ta ci, sunanta ya koma wadda anka kai Turai. Ni kuma duk inda na ratsa sai yara da manya su wage baki ba sauti.

Na iske ta rumfarta, mata kewaye da ita. Na ce, "Tsakani da Allah, wa ya tsegunta miki akwatin nan kurma ne? Tafintan ko?"

"Ba kowa. Jaki ya yi kuka bakin akwatin, Baturen bai ko waiwaya ba. Mai rake ya tare masa rana ya kusa cinye shi ɗanye. Kai kana ina?"

"Ina gyaran murya. Amma kin san wurina kika ci. Ni ya kamata a gani a Turai."

Ta tsamo ƙosai, ta kaɗe mai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kwantar da hankalinka, bawana, kana ciki, ni na kai ka. Kuma ka gode mini: su kaɗai ne za su gan ka baki buɗe ba su kwana da ciwon kai ba."