Uwar Kati, Wadda Ta Sa Muka Juya Katuna Dubu Tamanin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ƙanwarki ta kira ni ta ce Allah Ya yi miki rasuwa. Shekara talatin da ɗaya kika yi kina kula da akwatunan katin littattafai a laburarenmu, har sunanki na yanka ya ɓace, kowa sai Uwar Kati.

Shekarar da aka ce za a haɗa laburarorin ƙasar nan duka ta kwamfuta, wata shida aka ba mu mu shigar da katuna dubu tamanin, ko a tafi a bar mu. Ni ne shugaban masu bugawa, kuma na ɗauka ke za ki zame mana ƙarfen ƙafa. Sai ga ki kin fi mu zumuɗi, tabarau a karan hanci, kina bugawa da yatsu biyu.

Wata uku da farawa kika tsaya a kaina kika ce, "Ɗana, kuna juya katin kuwa?" Ashe tsofaffin ma'aikata in sun sauya wa littafi kanta ba sa sake kati, sai su rubuta lambar sabuwar kantar da fensir a bayansa. Mu kuwa gaban kawai muke kwafa. Da an tafi a haka, da kwamfuta ta riƙa tura masu karatu inda babu littafin.

Na ce a bar maganar, wa zai sani? Shugaban laburare ma ya ce da an gama a ƙone katunan. Kika jefa makullin akwatunan a jakarki, kika ce sai an juya kowane kati. Na yi sati ina gaishe ki ciki-ciki, ke kuwa kullum sai kin ajiye mini shayi. Muka koma farko, muka gama saura kwana huɗu. Har yau ina jin kunyar satin nan.

Jiya wata ɗaliba daga wani gari mai nisa ta nemi wani tsohon littafin lissafi ta kwamfuta. Lambar da ta aiko irin ta bayan kati ce. Na je kanta ta tara, na miƙa hannu, yana nan. A wurin na yi kukan da ban yi ranar jana'izarki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wannan aiki ya zame miki sadaka mai gudana. Ya ba 'ya'yanki da ƙanwarki haƙurin rashinki, amin.