Shekarar da Muka Yi Gadin Garmani

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta shekarar da garinmu ya ɗaukar wa ciyawa mai gadi.

Garin namu yana kan hanyar jar ƙasa da ta tashi daga Tasawa ta nufi wajen Korgom. Gamanata, wato 'yar gonar da maigidana ya yanka mini tun ina amarya, a bakin hanyar take. Gyaɗa da riɗi nake shukawa, da su nake yi wa yarana suturar salla ba tare da na roƙi kowa ba. Abokin gabana ɗaya ne a wurin, garmani. Tsiro ne mai furen rawaya, ko jaki ba ya kula shi sai yunwa ta kai masa wuya, kuma duk inda ya zuba iri ya gaje wurin. Kowace damina ni da 'yan matana mukan tuge na bakin hanya tun bai yi 'ya'ya ba. Ba wanda ya sa mu, ba kuma wanda ya taɓa yi mana sannu.

A waccan shekarar sai labari ya zo cewa wani furoje, wato shirin raya karkara, zai share garmanin gefen hanyoyi, kuma babban baƙo zai taso daga birni ya tuge na farko da hannunsa. Garin da ciyawarsa ta fi muni shi za a zaɓa. Mai gari ya sa aka yi shela kada wanda ya kuskura ya taɓa garmani. Aka kuma naɗa mai gadi, ƙanen mijina, mutumin da bai taɓa gama noman gonarsa kafin ta maƙwabta ta yi kai ba. Ya samu aikin da ya dace da shi, ya shimfiɗa tabarma gindin aduwa.

Ranar da na ga fure ya fito na saɓi hauya na nufi wurin. Yana hango ni ya miƙe.

"Matar yaya, ina zuwa da hauya?"

"Gaisuwa na zo yi ma amanarka."

"Wanga haki na hukuma ne yanzu. Kika taɓa shi, ni da ke sai gaban mai gari."

Na ce ya huta, ni zan kai kaina. Da na isa gaban mai gari na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, hure ya hito. In ya yi ɗiya, gonata ta tahi."

Tsohon ya jinjina kai. "Na sani, ɗiyata, ni ma manomi ne. Amma in baƙo ya zo ya iske hanya tas, mi za shi tuge? Gemuna? Ki yi haƙurin sati guda."

Satin nan bai ƙare ba sai bayan kaka. Yau a ce baƙo yana taro, gobe a ce ya yi tafiya, jibi a ce ruwa ya ɓata hanya. Mazan garinmu kuwa hankalinsu ya koma kan garin da ke gaba da mu. Sukan hau babur su je leƙen garmanin can, su dawo fuska a ɗaure, wai nasu ya kai ƙugu, namu yana gwiwa. Da idona na ga dattawa masu furfura suna zuba wa ciyawa takin awaki. Allah kuwa ya amsa musu, ta yi kyan da hatsin kowa bai yi ba.

Da baƙon ya iso, garmani ya bushe, iri sai kacau-kacau yake in iska ta taɓa shi. Aka jera 'yan makaranta a rana, makaɗa suka cashe, mata suka rangaɗa guɗa. Baƙo ya sa safar hannu, ya kama guda ya tuge, ya ɗaga sama yana girgizawa. Mai ɗaukar hoto ya ce bai fito ba, a sake. Ya sake tugewa, ya sake girgizawa. Jama'a na tafi, ni kuwa ina kallon iri yana zuba, iska tana kwasarsa zuwa inda na sani.

Samari suka shiga da manjagara. Aka nemi fili kusa da za a tara abin kafin a ƙone, sai aka ga gonata, tunda na riga na cire gyaɗa. Kafin in buɗe baki an yi tsibi ya fi rumbu tsawo. Na ce to a sa wuta mana. Aka ce a'a, ƙonawa sai ranar bikin rufe aiki, baƙon ne zai ƙyasta ashana. Har yau bai dawo ba. Awaki da iskar bazara su suka raba tsibin.

Ruwan farko na sauka gonata ta yi kore shar tun ban kai iri ba. Na zauna bakin kunya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Gyaɗar da na shuka ba ta ga rana ba, 'yan matana da tsofaffin zannuwa suka yi salla. Ƙaramar ta ƙi fita yawo, ta wuni a ɗaki.

Ana cikin haka wasu ma'aikata suka zo duba yadda aiki ya gudana. Suka tsaya bakin gonata suna kaɗa kai, suka ce matsalar mutanen karkara rashin kula ne. Aka kira taron wayar da kai, aka zaunar da ni a sahun gaba. Wata yarinya sa'ar 'yata ta yi mini bayani a tsanake, cewa garmani tun bai yi 'ya'ya ba ake tuge shi. Mai gari ya fi kowa tafi.

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya. In na ji an ce wani babba zai zo ya taya mu aikin da muka saba yi da hannunmu, ba na tsayawa jin ƙarshen shela. Hauyata nake ɗauka in je in gama, in ya so a kai ni ƙara, don ciyawa ba ta jiran baƙo.