Ruwan da Malam Ilu Ya Sha da Ido a Rufe

Ƙarar moɗa ce a bakin randa, ƙwal, ba wani abu ba. Na bar aiki da daɗewa, na koma ga tukunyata da carbina, sunayen mutane da yawa sun ɓace mini, amma ranar da na ji wannan ƙarar a wani gida a Roni ba ta taɓa fita raina ba. Tun da ku 'yan baya masu aikin lafiya kun ce in ba ku labari guda na zamaninmu, shi zan ba ku.

A zamanin En'e ne, lokacin da komai na ƙasar Kazaure ke bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Na gama makarantar 'yan mata, aka yi mini aure, aka kuma ɗauke ni duba-gari, saboda namiji ba ya shiga gidan kulle. Mu biyu muke fita. Namijin ya tsaya a zaure ya duba kwata da juji, ni in shiga ciki in leƙa randa da tulu da bayan gida. Tsutsar sauro muke nema. Gidan da aka samu da tsabta sai a yi masa alama da alli a bango, ba a komawa sai bayan damina. Wanda aka kama da ƙazanta a yi masa kashedi, a dawo mako mai zagayowa. In abin ya ƙi ƙarewa, sai sammaci gaban alkali.

Aikin kaɗaici ne. Daga nesa yara ke ihu, "Ga duba-gari nan!" sai ka ji ana ta kifar da ruwa a bayan katanga. A ƙasar da ko maƙiyinka ya sauka sai ka tare shi da ruwa, mu ba mai ba mu, don tsoron kada mu leƙa kwanon mu ga wani abu. Ni kuma maigidana malamin dabbobi ne, kullum yana rangadi a rugage, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. In na koma gida, ni da fitila ne.

Abokin fitata shi ne Malam Ilu. Ya ba arba'in baya, ba mata, ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Shi ke gyara keken kowa. Duk saurayin ofis da za shi zance shi yake ɗauka rakiya, Malam Ilu ya tsara masa magana har a ɗaura aure, ranar walima a manta ba a kira shi ba. Babban duba-gari da ke zuwa daga Kazaure kullum Malam Isa yake ce masa, shi kuwa ya amsa. Na taɓa cewa, "Malam, me ya sa ba ka gyara masa?" Ya ce, "Malama, ai Isa ma sunan Annabi ne." Da azahar mukan zauna gindin wata tsamiya, shi can ni nan, kowa ya buɗe ƙunshinsa. Hirar ba ta wuce ta damina da ta sauro, amma ita ce hirata ta yini.

Ran nan gorar ruwansa ta faɗo daga keke ta fashe. Muka isa gidan wani tsoho makaho, Baba Tanko, rana ta take. 'Yarsa Tabawa ce a gidan, mijinta ya rasu, tana soya ƙuli-ƙuli tana riƙe da uban da 'yarta ƙarama, Hansai. Ina cikin leƙa tulunanta sai muka jiyo tarin Malam Ilu daga zaure, busasshen tari na mai ƙishi. Tabawa ta tsaya ta saurara. Sai na ji ƙwal, ta kamfato ruwa ta miƙa wa Hansai.

Wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta dafe ƙirji. "Tabawa, kanki ɗaya? Duba-gari ne fa!"

"Duba-gari ba shi da maƙogwaro ne?" in ji Tabawa.

Jim kaɗan yarinyar ta dawo da moɗa ba ko ɗigo. "Inna, rufe idonsa ya yi ya sha. Wai kada a ce ya duba."

Tabawa ta juya ga kaskonta, amma ƙuli-ƙulin da ke ciki sai da ya ƙone. Ban taɓa shiga gida mai tsabtar nata ba. Na ciro alli zan fita, sai ta ce, "Malama, in gida ya yi tsabta yaushe kuke dawowa?" Na ce sai bayan damina. "In kuma da ƙazanta fa?" Na ce mako mai zuwa. Sai ta ce, "Ba ki duba bayan rumbu ba." Na zagaya, na tarar da wani tsingaro da ɗan ruwan sama a ciki, ko kaza ba zai ƙosar ba. Ta kafe ita dai lallai laifi ne, a yi mata kashedi. Aka yi mata.

Da muka dawo, tsingaro ya zama tukunya, cike da koren ruwa, tsutsa na ta wutsil-wutsil. Na kifar, na yi faɗa, ta ce, "To, Malama, Allah ya huci zuciyarki," tana miƙa wa Hansai moɗa, wannan karon da ƙuli-ƙuli a faifai. Mako na gaba ma haka. Abin ya ɗaure mini kai, sai wata safiya na hango Hansai a bakin kududdufin bayan gari tana cika gwangwani. Na ce me za a yi da shi? Ta ce, "Inna ce ta ce in zaɓo inda suka fi yawa. Namu gidan ba ya yi."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Mai unguwa ya riga ya kai maganar gaba, babban duba-gari ya zo ya ce, "Malam Isa, gidan makahon nan ya wuce kashedi. Kafin in dawo a kai shi gaban alkali." Ku gane abin da wannan ke nufi. Macen da aka kira kotu kan ƙazanta, wa zai ƙara sayen abin da ta soya? Da kaskon nan take ci da mutum uku. Shi kuma Malam Ilu in ya ƙi, aikinsa ne a bakin ƙofa.

Ranar a gindin tsamiya bai buɗe ƙunshinsa ba. Ya ce, "Malama, ba zan iya ba. Ruwan gidan nan ya fi na gidan hakimi daɗi. Ta ina tsutsa ke fitowa?"

Kunya ta kama ni, don ya girme ni nesa ba kusa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, tsutsar ba haihuwar gidan ba ce. Daga kududdufi ake ɗauko ta."

"Subhanallahi! Maƙiya ne?"

"Matar gidan ce."

"Don me?"

"Don mai zama a zaure."

Ya daɗe yana tunani. "Baba Tanko? Me ya yi mata?"

Na ce, "Malam, Baba Tanko ba ya zuwa da keke."

Wallahi sai ya waiwaya bayansa, ko akwai wani. Mutumin da ya tsara wa samarin ofis kaf maganar zance, ya rasa ta kansa. Ya ce, "To ni wa zai raka ni?" Har yau in na tuna wannan tambayar sai idona ya kawo ruwa.

Ba wanda ya raka shi sai ni, a bakin aiki. Muka isa, ya gaida tsohon, ya fara zancen damina, ya koma zancen tayar keke. Ina tsaye a bakin ƙofar shiga ciki, Tabawa na bayan zana, ko numfashi ba ta yi. Baba Tanko ya buga sandarsa a ƙasa.

"Malam duba-gari, ni makaho ne, amma fata tana ji. Tun da ka fara zuwa gidan nan sauro ya hana ni barci. Ko ka kai mu gaban alkali, ko ka turo magabatanka. Ɗaya dai, don Allah, kafin zazzaɓi ya kashe ni."

Da babban duba-gari ya dawo ya ce, "Malam Isa, an kai gidan nan gaban alkali?" Malam Ilu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, gaban liman aka kai shi. Ba a ƙara ganin tsutsa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Ilu ne sunana." Ni na yi wa gidan alama da alli da hannuna.

Daga nan Malam Ilu ya koma cin abincin rana a gida. Na yi masa murna har zuciya, amma na ci gaba da zama gindin tsamiyar ni kaɗai har aka sauya mini gari. Abin da na koya shi ne, an horar da mu mu leƙa tukunya, ba a horar da mu mu tambayi wanda ya ajiye ta ba. Ku riƙa tambaya. Kuma in akwai wani a cikinku mai gyara keken kowa, ku kira shi walima.

Shekarun baya na ji Allah ya yi wa Malam Ilu rasuwa. Na je Roni gaisuwa bayan an watse. Na tarar da Tabawa ta tsufa, tana zaune ita kaɗai a tabarma, carbinsa a hannunta. Muka yi masa addu'a. Can na ji ƙwal daga ɗaki. Wata 'yar jikarta ta fito riƙe da moɗa da hannu biyu, ta durƙusa a gabana ta ce, "Kaka ta ce ki sha, ban da dubawa."